Kurakuran da ake yi wajen zaɓen fulawar gida idan akwai ƙananan yara da dabbobi

Yawancinmu idan muka tsaya wurin masu sayar da fulawa a bakin titi, tambaya biyu muke yi: nawa ce, kuma sau nawa ake ba ta ruwa? Ba kasafai ake tambayar sunanta ba, alhali daga nan sauran kurakuran suke tasowa. Shukar da ba a san sunanta ba, ba a san gubarta ba, kuma ranar da yaro ya tauna ganyenta ko likita sai ya yi lalube. Gyaran ba shi da wuya. A tambayi mai sayarwa. In bai sani ba, a ɗauki hotonta a bincika a waya har a samo sunanta na kimiyya. Ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka, ASPCA, tana da dogon jeri a intanet na shuke-shuken da ke cutar da mage da kare da waɗanda ba sa cutarwa. Idan sunan bai tabbata ba, a bar ta inda aka gan ta.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne tsoron abin da ke falo da sakin jiki da abin da ke tsakar gida. Gaskiya ne fulawar falo mai faɗin ganye da ɗigon fari, wadda ake kira Dieffenbachia, tana da illa. Ita da Caladium da Philodendron da mai yaɗon nan da ake sakawa a kwalbar ruwa, Pothos, duk dangin gwaza ne. Wanda ya taɓa ɗanɗana ɗanyen gwaza ya san ƙaiƙayin da yake sawa a maƙogwaro. Abin da ke kawo shi wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu tsini da ido ba ya gani, suna soke leɓe da harshe, baki ya kumbura, yawu ya yi ta zuba. Akwai zafi ƙwarai, amma zafin ne yake sa yaro ya tofar tun a cizon farko, shi ya sa ba kasafai abin yake kaiwa ga mutuwa ba, sai in kumburin ya kai ga toshe numfashi.

Masu kisan suna waje. Oliyanda, wadda ake jerawa a jikin katanga saboda jure fari da yawan fure, tana da gubar da ke rikita bugun zuciya, tun daga ganye har saiwa, ɗanye ko busasshe. 'Yar'uwarta mai rawayan fure, Thevetia, ƙwallonta ne ya fi muni. Kariya ma, da yanzu ake dasawa a tukwane saboda kyan furenta, gubar zuciya gare ta. Ba banza ba aka daɗe ana haɗa dafin kibiya da ita a sassan Afirka. Sai kuma masu 'ya'ya, waɗanda su ne suka fi jan hankalin yaro: zurma, idon zakara mai ja da ɗigon baƙi, da bini-da-zugu wanda yara kan ɗauka gyaɗa ce su ci, su kwana suna amai da gudawa. Waɗannan ba a yi musu dabarar ajiyewa a sama. A tumɓuke su. Idan an sare, kada a zuba wa awaki ganyen, kuma kada a hura wuta da itacen oliyanda.

Duk shukar da aka karya ta fitar da farin ruwa kamar nono, a yi kaffa-kaffa da ita. Mun san tumfafiya da tinya tun muna yara, amma sai mu manta cewa fulawar nan mai ƙaya da ƙananan jajayen furanni da ake ajiyewa a baranda dangin tinya ce. Ruwanta yana ƙona fata, ya fi ɓarna idan ya shiga ido.

Akwai kuma zaton cewa abin da bai cutar da mutum ba, ba zai cutar da dabba ba. Jikin mage daban yake. Furen lili na gaskiya, irin wanda kan zo a cikin damin furannin biki, yana kashe ƙodar mage cikin kwana 2 zuwa 3. Ba sai ta ci ganye ba: ƙurar furen da ta lasa a gashinta, ko ruwan kwalbar da aka tsoma shi, sun isa. Gidan da ke da mage, lili ba ya shigarsa, ko na kwana ɗaya ne. Albasa da tafarnuwa da wasu ke shukawa a bokiti a bayan kicin suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin mage da kare. Alobera tana sa su gudawa. Fiya, ganye da 'ya'ya, guba ce ga aku. Mai kare kuma ya kiyayi Cycas, gajeriyar shukar nan mai kama da ƙaramin dabino da ake ƙawata ƙofar gida da ita, domin ƙwallayenta suna lalata hanta.

Ɗora tukunya a kan kabad dabara ce da ke aiki ga mai rarrafe kawai. Mage tana hawa ko'ina, ganye yana faɗowa ƙasa, yaro ɗan shekara 2 kuma ya iya jan kujera. Ga nauyin tukunyar kanta idan ya jawo reshe ta rufto masa.

Wani lokacin shukar lafiyarta ƙalau, abin da aka zuba mata ne matsalar. Takin zamani fari yakan yi wa yaro kama da sukari. Wasu suna fesa piya-piya a ganye don korar ƙwari, a ɗakin da yara ke kwana, wanda hatsarinsa ya fi na yawancin fulawowin. Ruwa da ɗan sabulu ya isa wanke ƙananan ƙwarin ganye. Tsakuwar ado da ake rufe ƙasa da ita tana iya maƙale wa yaro a wuya, ruwan da ya kwanta a farantin ƙarƙashin tukunya kuma gidan sauro ne.

To me za a saya? Akwai zaɓi da yawa. Chlorophytum, mai siraran ganye da ratsin fari, tana da sauƙin raino kuma ba ta da guba. Haka Areca mai kama da ƙaramin kwakwa, da Calathea mai zanen ganye, da furen Zinnia ga mai son launi a tsakar gida. Furen wardi ma ba shi da guba, ƙayarsa ce kawai abin lura. Ko da waɗannan, mage ko yaron da ya ci ganye da yawa zai iya yin amai, don haka a ci gaba da sa ido.

Idan abin ya riga ya faru, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗura wa yaro manja ko ruwan gishiri, ko zura masa yatsa don ya yi amai. Manja ba ya kashe gubar shuka, kuma idan ya sarƙe ya shiga huhu, an ƙara wata cutar. A cire abin da ya rage a bakin, a kurkure da ruwa. Idan ido ne, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15. Idan oliyanda ce, ko kariya, ko ɗaya daga cikin 'ya'yan nan, kada a jira alama ta bayyana, domin wata gubar sai bayan sa'o'i take nuna kanta. A nufi asibiti nan take, dabba kuma wurin likitan dabbobi, a tafi da reshen shukar ko 'ya'yanta a leda, a kuma faɗa wa likita lokacin da aka ci da kimanin yawan abin da aka ci.