Saita Microsoft Flight Simulator a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi

'Yan uwa masu tuƙa jirgi a Microsoft Flight Simulator na 2020, wato wasan kwaikwayon tuƙin jirgin sama, idan wasan yana sarƙewa a kwamfutarku, shawarata ita ce kada ku yi gaggawar sauke dukkan saituna zuwa ƙasa, domin hakan yakan ɓata hoto ba tare da ya magance sarƙewar ba. Ku fara kunna Developer Mode (sashen kayan aikin masu ƙera manhaja da ke cikin saitunan wasan), ku buɗe ma'aunin hotunan da ake samu a daƙiƙa, wanda zai nuna muku ko furosesa (CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) ce ta gaza ko kuwa katin hoto (GPU, wato na'urar da ke zana hotuna).

Idan furosesa ce, ku rage Terrain Level of Detail (saitin yawan bayanan ƙasa da ake nunawa) zuwa kusan 50, saboda shi ne yake tilasta mata zana gine-gine da bishiyoyin da ke nesa, musamman a manyan birane irin su Landan. Ku kuma rage zirga-zirgar sauran jirage da motocin filin jirgi, waɗanda a ganina ba su cancanci nauyin da suke ɗorawa ba.

Idan katin hoto ne, ku mayar da Render Scaling (girman hoton da katin yake zanawa, a kashi cikin ɗari na girman allo) zuwa 80, gajimare kuma zuwa Medium. Daga nan ku ƙayyade hotuna 30 a daƙiƙa, domin daidaitattun 30 sun fi 45 masu hawa da sauka sauƙin sarrafawa lokacin saukar da jirgi.