Yadda ake bibiyar haɗuwar folima cikin ruwa da hasken Raman

Farin gam na kafintocin Damagaram da fentin ruwa da ake shafa wa bango tushensu ɗaya: ƙananan ƙwayoyin monoma ne ake sa su sarƙe da juna cikin ruwa da sabulu har su zama folima mai kama da madara. Abin da mai haɗawa ke son sani kowane lokaci shi ne nawa ya sarƙe, nawa ya saura. Na'urar Raman, wadda ke haska leza cikin ruwan ta karanta hasken da ya warwatso, na faɗin haka ba tare da an buɗe tukunya ba, amma sai an san abin da ake karantawa.

Raman aka zaɓa saboda ruwa ba ya amsa masa sosai. A na'urar infrared kuwa, ruwa na shanye haske daidai wajen 1640 cm⁻¹ (ma'aunin da ke nuna gurbin kowace alama a zanen awo), inda alamar monoma take, sai ya rufe ta.

Mai koyo ya fara da monomar da ake kira sitirin. A tukunyar gilashi mai rabin lita a zuba ruwa tsarkakakke giram 250, sabulun SDS giram 1, sitirin giram 50. A fara wanke sitirin da ruwan soda mai ƙuna don cire maganin da kamfani ya sa masa na hana sarƙewa. In an bar shi, aikin zai yi jinkirin tashi. A busa naitirojin minti 30, domin iskar oksijin ma tana danne aikin. A kai zafi digiri 70, a riƙa juyawa sau 300 a minti.

Kafin a zuba fotasiyam fasalfet giram 0.25, wanda shi ke tada aikin, a ɗauki awon farko da leza mai 785 nm. Kololuwa biyu ake nema a zanen da na'urar ke fitarwa. Ta 1631 cm⁻¹ ta haɗin biyu ce tsakanin kabon da kabon, tana raguwa yayin da monoma ke ƙarewa. Ta kusa da 1000 cm⁻¹ ta zoben benzin ce, wanda ke nan a monoma da folima duka. A raba girman filin da ke ƙarƙashin ta farko da na ta biyu. Wannan rabo ake bi, ba tsayin kololuwa ɗaya ba.

Yawancin kuskure a nan ake yinsa. Da ruwan ya fara fari, ƙwayoyin folima na warwatsa haske, ƙarfin alamar gaba ɗaya ya canza ba don yawan abin da ya sarƙe kaɗai ba. Wanda ke kallon 1631 kaɗai zai zaci aiki ya yi nisa. Rabon ne ke kawar da wannan ruɗi. Duk da haka bai isa ba, domin zoben benzin ya fi amsawa a monoma fiye da a folima. Saboda haka a gwajin farko, kowane minti 15 a ɗebo giram 1 a ƙaramin faranti na alminiyam, a ɗiga haidirokwinon ya tsayar da aikin, a busar har nauyi ya daina sauka, a cire nauyin sabulu da na fotasiyam fasalfet. Sakamakon sikeli ne ake ɗora awon Raman a kansa.

In lambobi na tsalle a farko, ɗigon monoma ne ke wucewa gaban idon na'ura. A haɗa awo da yawa a ɗauki matsakaici. In rabon ya tsaya cak alhali sikeli na nuna ci gaba, folima ta manne a gilashin idon, sai a cire a wanke da asitan. Hasken rana da na fitilar ɗaki na shiga awo, don haka a naɗe tukunyar da takardar alminiyam.

Zafin Afrilu da Mayu a Zinder na wuce digiri 40, kuma sitirin da aka wanke na iya sarƙewa a kwalba, sai a ajiye shi a firji a yi amfani da shi da wuri. Abin juyawa da na'urar su kasance kan batiri: in wuta ta ɗauke juyi ya tsaya, monoma ta taso sama, awon ranar ya lalace.

Wanda ya koma kan binil asitet na farin gam zai sami haɗin biyun wajen 1648 cm⁻¹. Shi ba shi da zoben benzin, kuma yana tafasa a digiri 72, don haka dole a sa bututun sanyaya tururi a sake gwajin sikeli daga farko.