Yadda za ka koyi jefa basket da hannu ɗaya irin na Luisetti

Kullum in na bi ta filin basket ɗin unguwarmu nan Garwa bayan la'asar sai in ga yara na tura ƙwallo da hannu biyu daga ƙirji kamar masu tura baro, to wallahi haka manyan 'yan wasan Amurka ma ke yi a da, su tsaya cak su tura, har Hank Luisetti ɗan jami'ar Stanford ya zo da nasa salon na jifa da hannu ɗaya yana cikin gudu. Ranar 30 ga Disamba 1936 a babban zauren wasa na Madison Square Garden a New York su Luisetti suka ci jami'ar Long Island 45 da 31, alhali 'yan Long Island ɗin wasa 43 a jere ba wanda ya taɓa su. A 1938 kuma shi kaɗai ya zuba wa jami'ar Duquesne maki 50.

To ƙanena ga yadda za ka yi. Kar ka fara daga nesa, matso kamar taku biyu daga kwandon. Ɗora ƙwallon kan yatsunka a buɗe, ban da tsakiyar tafi, a bar 'yar kafar da haske zai wuce. Gwiwar hannu a ƙarƙashin ƙwallon sosai, ba ta buɗe gefe kamar fiffiken kaza ba, nan ne yawancinku ke ɓatawa. Ɗayan hannun tallafi ne kawai, ba ya turi.

Ƙarfin daga ƙafa yake zuwa, kwandon nan mita 3.05 ne, hannu kaɗai ba zai kai maka ba in ka gaji. Ɗan rusuna, ka miƙe, ka saki da wuyan hannu yatsu su kalli ƙasa kamar mai lalubo goro a kan kantar shago, ka bar hannun a sama har ƙwallon ta faɗa. In tana juyawa baya a iska to ka kama hanya.

Sai ka zura goma a jere kafin ka ja baya taku ɗaya, ni dai ban yarda da gaggawa a nan ba. Gudu shi ne na ƙarshe: buga ƙwallon a ƙasa sau biyu, taka da hagu in kai badame ne, ka tashi ka saki kafin ka sauko. Kuma don Allah ka zo da ruwa, simintin nan ba ya hucewa sai dab da magariba.