Darasi na Tara: Zura wayar sifika ta matsattsen fayif

Jama'a, duk wanda ya taɓa jan wayar sifika ta cikin fayif ɗin bango ya san a kwana take cijewa. Nan ne mutum ke fara fizga da ƙarfi, robar bayan wayar ta goge ko ta tsage, siraran zaren tagullar ciki su tsinke, kuma ba za ka sani ba sai ka jona amfilifaya ka ji sauti na yankewa. Maganin wannan man santsi ne, amma fa ba kowane mai ba.

Don Allah kar ka kusanci basilin, giris ko bakin mai. Duk daga ɗanyen man fetur suka fito, a hankali suke lalata robar waya, yau lafiya lau, nan gaba ta yi laushi ko ta tsattsage a cikin bango inda hannu ba ya kaiwa. Sabulun wanke-wanke ma da wasu ke tsiyayawa, e yana santsi a lokacin, amma in ya bushe sai ya manne wayar da fayif, ranar da za a canza ta an shiga uku. Nemi man jan waya wanda aka haɗa da ruwa, kamar jeli yake, a duba jikin kwalbar a tabbata na waya ne.

Kafin komai kashe wuta daga babban makunni, ka zare wayar daga amfilifaya. Kuma wayar sifika ba ta shiga fayif ɗaya da wayar wuta.

Ka fara tura wayar jagora, wato waya mai ɗan tauri da ake janyo wata wayar da ita, har ta ɓullo ɗaya gefen, ka ɗaura bakin wayar sifika a jikinta, ka naɗe da tef sosai yadda kan zai yi tsini kuma mai ba zai taɓa tagulla ba. Mutum biyu ake so, ɗaya na ja a hankali, ɗaya sanye da safar hannu yana shafa mai kaɗan-kaɗan yana turawa, kan wayar shi ya fi buƙatar mai. In ta cije a tsaya, a dawo da ita baya kaɗan a ƙara mai. Wayoyi 3 ko fiye kar su cika sama da kashi 40 cikin 100 na sararin cikin fayif, in sun wuce haka ba man da zai cece ka.

Man da ya ɗiga a ƙasa ko kan tsani a goge nan take, yana kada mutum. Sannan a share bakin wayar da busasshen tsumma, a yanke wajen da aka naɗe da tef kafin a fere a jona.