Yadda Ake Rage Tsamin Ƙasar Gona da Farar Ƙasa

Manomin da ya yi shekaru yana zuba wa masara yuriya a gona ɗaya, amma yana ganin amfanin na raguwa duk da ƙarin buhunan da yake yi, yakan zargi mai sayar da taki. Sau da yawa kuwa ƙasar ce ta yi tsami, domin yuriya da duk takin da ke ɗauke da amoniya suna tsamar da ita sannu a hankali, ruwan damina kuma yana wanke kalsiyam zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. Da zarar awon pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya sauka ƙasa da 5.5, alminiyam da ke cikin ƙasa yakan narke ya hana saiwa tsawo. In aka tumɓuke masarar, sai a ga saiwoyin gajeru, masu kauri, kamar an dungule su.

Abin da za a fara yi shi ne awo, ba sayen farar ƙasa ba. Bayan girbi, a bi gonar a karkace ana ɗibar ƙasa daga wurare goma zuwa goma sha biyar, zurfin santimita 20, a kauce wa suri da inda aka tara taki ko aka ƙona kara. A cuɗanya ta a bokiti mai tsabta, a shanya a inuwa, sannan a kai kimanin rabin kilo ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Sakamakon ne zai nuna yawan da ya dace. Ƙasar jigawa, wato mai yashi, ba ta bukatar farar ƙasa da yawa, tan ɗaya a hekta ko ƙasa da haka kan wadatar, alhali ƙasa mai laka takan ci ninkin haka ko fiye. Wuce gona da iri a jigawa kuskure ne mai wuyar gyara, domin yana hana shuka samun zinki.

A nemi garin dutsen farar ƙasa mai laushi, domin mai tsakuwa yakan daɗe bai narke ba. Idan awo ya nuna ƙarancin maganiziyam, a ɗauki nau'in dolomait, wato farar ƙasa mai ɗauke da maganiziyam. A watsa shi wata biyu ko uku kafin shuka, da safe kafin iska ta taso, mai watsawa ya rufe hanci da baki, sannan a bi da garma don ya shiga cikin ƙasa; wanda aka bari a sama ba ya gangarawa da wuri. Kada a haɗa shi da yuriya a rana ɗaya, saboda wani kaso na takin zai bi iska.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, wato zaton cewa jifsam, wani farin ma'adini da ake zubawa a gona, yana rage tsami kamar farar ƙasa. Jifsam yana ɗauke da kalsiyam, kuma yana da amfani ga gyaɗa idan aka zuba shi lokacin fure, domin yana rage kwanson da ba ƙwaya a ciki, amma ba ya rage tsami ko kaɗan. Tokar murhu, wadda ake zubarwa a bola, ita ce ma ke rage shi, ko da yake da wuya a tara wadda za ta isa babbar gona. Ta fi dacewa da lambu. Bayan shekara biyu ko uku a sake awo kafin a ƙara wata farar ƙasa.