Yadda ake kallon The General na Buster Keaton har a ji daɗinsa

Sau uku ina tara abokai in nuna musu wannan fim na 1926, fim ɗin barkwanci marar magana na ɗan wasan Amurka Buster Keaton. Sau biyu suka watse tun ba a kai rabi ba, sai a karo na uku aka yi dariya har da riƙe ciki. Fim ɗin dai ɗaya ne, yadda muka zauna kallonsa ne ya bambanta.

Da farko ka nemi kwafi mai kyau. Fim ɗin ya tsufa, yana nan kyauta a YouTube, amma yawancin waɗanda aka ɗora hotonsu dishi-dishi ne, kiɗan kuma wani fiyano ne da ke ta maimaita kansa ba ruwansa da abin da ke faruwa a allo. Ka duba minti biyu na farko. In ba ka iya ganin idon Keaton sosai, ka nemi wani. Ni wanda Carl Davis ya yi wa kiɗa nake so, shi nake ce wa kowa ya nema. Tsawon fim ɗin awa ɗaya da kwata ne ko ɗan fiye, don haka ka sauke shi da daddare lokacin da data ke araha, kada ya riƙa tsayawa ana tsaka da kallo. Kuma a talabijin, ko a kwamfuta in babu. Waya ba ta yi, domin Keaton yakan ajiye kyamara nesa ne, mutum ɗan ƙarami kusa da ƙaton jirgin ƙasa.

Sai ka gaya wa masu kallo labarin a jimla uku kafin a fara. Lokacin yaƙin basasar Amurka ne. Johnnie Gray, wato Keaton a fim ɗin, direban jirgin ƙasa ne mai son abu biyu, kan jirginsa mai suna General da budurwarsa Annabelle, sojojin Arewa suka sace jirgin da ita a ciki, ya bi su shi kaɗai a wani jirgin. An ɗauko shi daga abin da ya faru da gaske a Jojiya a 1862. Ka faɗa musu kuma cewa jarumin yana ɓangaren Kudu ne, waɗanda suka yi yaƙi don riƙe bayi, fim ɗin kuwa bai ce uffan a kan haka ba. Gara su sani.

Daga nan ka rufe bakinka. A nan na ɓata karo biyun farko. Mun saba da fim mai fassara, mun saba da wanda ya riga ya gani ya zauna yana cewa "ku duba, yanzu zai faɗi". Mun kuma taso da barkwancin su marigayi Ibro, inda rabin dariyar a baki take. Nan babu magana ko ɗaya, dariyar tana cikin lokacin da abu ya faru, in ka riga shi da daƙiƙa ɗaya ka kashe ta. Rubutun da ke fitowa a allo kaɗai za ka fassara, shi ma a taƙaice.

Ka ɗauki wurin igwa. Johnnie ya ɗura mata albarushi ɗan tsunkule, harsashin ya faɗo kusa da ƙafarsa. Ya koma ya zuba mata gwangwani guda, ya kunna, sai girgizar jirgi ta sauke bakinta ya kalli shi kansa. Ƙafarsa ta sarƙe da sarƙa, ya samu ya kuɓuce, ya rarrafa har gaban jirgi ya maƙale. Daidai lokacin da ta tashi, layin dogo ya yi kwana, harsashin ya wuce ta gefensa ya doshi abokan gaba. Karon farko na ce musu "kwana ce za ta cece shi", kowa ya gyaɗa kai kawai. Karo na uku na yi shiru, wani ƙanena ya miƙe tsaye yana ihu.

Kada ka tsallake minti goma sha biyar na farko, duk da tafiyar hawainiya da suke yi. A can ne aka ƙi ɗaukarsa soja ba a gaya masa dalili ba, budurwar ta juya masa baya, ya zauna a kan sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun jirgi. Jirgin ya tashi, sandar na ɗaga shi tana sauke shi, shi kuwa ɓacin rai bai bari ya lura ba. Wanda bai ga wannan ba ba zai damu da Johnnie ba, wanda bai damu da shi ba kuwa ba zai yi dariya ba.

Fuskar Keaton ba ta motsi, don haka a kalli hannunsa da ƙafarsa da abin da ke bayansa. Abu ɗaya za ka iya faɗa a tsakiya: shi da kansa yake yin komai, a kan jirgi na gaske yana tafiya. Ka faɗe shi bayan ya jefa katakon layin dogo ya ture wani katakon da ya tare hanya, ba kafin ba.

Rabi na biyu komawa gida ne bayan ya ƙwato jirginsa da Annabelle, sojojin Arewa ne ke binsa yanzu, yana yi musu dabarun da suka yi masa. Gadar da ta rufta da jirgi a ƙarshe ta gaske ce, a Oregon aka ɗauka, ɓaraguzan suka zauna cikin kogin har lokacin yaƙin duniya na biyu. Nan ka mayar baya a sake gani, sau ɗaya ya isa.