Darasi na 9: Jini a Fitsari

Duk wanda ya tashi kusa da rafi ko kududdufi ya san tsargiya. Yaro ya yi ta wanka a ruwa, bayan 'yan watanni a ga ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa, manya su ce za ta wuce. Wannan sabo ne yake cutar da mu bayan mun girma. Magidanci ya ga fitsarinsa ya yi ja kamar ruwan zoɓo, ba zafi ba raɗaɗi, kwana biyu ya washe, sai ya manta.

Tsutsar tsargiya daga katantanwar ruwa take fitowa, ta ratsa fata, ƙwanta ya maƙale a bangon mafitsara. Idan aka ɗauki shekaru ba magani, wurin yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Taba sigari ma tana kawo shi. Alamarsa ta farko, galibi, jinin nan ne marar zafi.

Gwajin fitsari babu allura, babu yanka. Za a ba ka 'yar robar gwaji mai murfi. Ma'aikaci ya tsoma siririyar takarda a ciki, cikin minti biyu launinta ya nuna ko akwai jini, har wanda ido ba ya gani. Idan ƙwan tsargiya ake nema, fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi, musamman ɗigon ƙarshe. Idan kuwa ƙwayoyin daji za a duba a madubin likita, ba a son fitsarin farko na asuba, domin ƙwayoyin sun kwana a ciki sun lalace. Wani lokaci a ce ka kawo kwana uku a jere. Mace ta bari sai ta yi tsarki daga haila.

A nan mutane suke tuntuɓe: sakamako ya fito lafiya, su koma gida da murna. Gwajin neman ƙwayoyin daji a fitsari ya kan kama daji mai tsanani, amma ƙarami mai tafiya a hankali yana kuɓuce masa. Shi ya sa likita zai iya cewa sai an leƙa mafitsara da siririn bututu mai kyamara. Kada ka ƙi. Praziquantel kuma, wato maganin tsargiya, tsutsa yake kashewa, ba ya taɓa daji.

Aiki: rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da kai, da ranar da za ka kai fitsari idan ka taɓa ganin jini.